Gadar da Muka Yi wa Baƙuwa

Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, ba don na fi kowa karatu ba, sai don masu karatun duk sun tsere birni. A aji uku na sakandare na tsaya, can garin Kaya, daga nan gona ta riƙe ni. Ina iya rubuta wasiƙa, ina iya buga hatimi bai karkace ba. A wurinmu wannan ya isa a riƙa ce maka Sakatare har ka mutu, ba albashi, ba na gode.

Damuwarmu ɗaya ce. Akwai rafi tsakanin garinmu da hanyar mota. Da rani yashi ne zalla, ko akuya ba ta ɗaga ƙafa. Da damina kuwa sai ya cika ya batse, babur ba ya wucewa balle mota. Tattasai da tumatirinmu su ruɓe a wannan gaɓa, alhali ana cin kasuwa a Talata Mafara. Kwalbati kawai muke so. 'Yan siyasa sun yi mana alkawarinsa har yaran gari sun haddace jawabin.

Wata rana na ji a rediyo cewa gidauniyar wani babban kamfani tana tallafa wa ƙungiyoyin al'umma su yi ƙananan ayyuka. Na kai maganar wurin taro. Shugaban ƙungiyarmu taubashina ne, ɗan kawuna, mutumin da tun muna yara bai taɓa barin na gama magana ba. Ya ce in dai ni zan rubuta, to kamfanin zai aiko mana da malamin Turanci, ba kwalbati ba. Aka yi dariya, aka kuma ɗora mini aikin.

Abin da suka nema sai ka ce ƙasa za mu kafa: takardar rajista, asusun banki, har da tsarin mulki. Na yi ta zarya Mafara har takalmina ya san hanya. Wanda ya taimake ni da Turancin wani tsohon malamin makaranta ne, Kirista, da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya tambaye ni burinmu na dogon zango, na ce kwalbati. Ya ce na gajeren zango fa, na ce kwalbati. Ya cire tabarau ya dube ni, sannan ya cika shafi biyu da wannan kalma ɗaya tawa. Da aka zo batun hoto, rani ne, babu ko ɗigon ruwa. Taubashina ya naɗe wando ya tsaya a tsakiyar yashi yana nuna ƙirjinsa, wai nan ruwa ke kawowa. Haka muka aika.

Da ruwa ya sauka sai amsa ta zo: za su turo jami'arsu ta gani da ido. Aka yi ruwa mai ƙarfi ana saura 'yan kwanaki ta zo. Na je bakin rafi na tarar ya haukace, ya cinye gaɓa, laka har gwiwa. Ban taɓa jin daɗin ganin ɓarna irin na ranar ba. Na wuce fada na roƙi mai gari kada a taɓa komai, a bar baƙuwa ta ga halin da muke ciki. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce to, madalla. Na manta cewa madallar manya ba ta nufin an yarda, an ji ne kawai.

Na haye rafin da wando a ka na tafi Mafara, saboda akwai wata takardar banki da ta maƙale, kuma can zan tari baƙuwar. Na sauka gidan ƙanwata har baƙuwar ta iso. Mace ce mai fara'a, Bakanuwa, da direbanta. Tun daga tasha na fara yi mata shimfiɗa. Na ce Hajiya, ki shirya cire takalmi. Na ce motar nan sai dai ta jira mu a wancan gefe. Na ba ta labarin ango da aka goya a wuya ranar ɗaurin aurensa. Tana ta rubutawa, ni kuwa ina ƙara gishiri.

Muna karyo kwana sai na ji kiɗa. Na leƙa ta taga. Gada ce a gabana. Ashe ina juya baya mai gari ya sa aka yi shelar gayya. Sun kwaso zobban siminti na wata rijiya da aka fara aka watsar, sun jera su ruwa yana bi ta ciki, sun shimfiɗa azara a kai, sun danne da duwatsu da buhunan yashi, sun bi da jar ƙasa. Har share ta aka yi. Direba bai ko rage gudu sosai ba. Jama'a na tafi, taubashina a gaba da babbar riga, yana yi mana hannu kamar ɗan sanda.

Hajiya ta waigo ta ce, “Malam Sakatare, ina rafin?”

Na ce, “Kin hau kansa, Hajiya.”

Bayan an gama gaisuwa, an tambayi gajiya da gida da ruwa da mutanen birni, na matsa kusa da mai gari na durƙusa, na tambaye shi a hankali yaya aka yi haka.

Ya ce, “Sakatare, mace ta taso tun daga birni, a wanga zamani da ɗiyanmu ma ba su son zuwa gida, sai mu bar ta ta shiga laka? In ta koma mi za ta hwaɗi a kanmu?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai abin da muke so ta faɗa ke nan.”

Ya ce, “Kai dai ba ka da kunya tun kana yaro.”

Aka kawo fura da nono da gasassun zabi. Hajiya ta ci, ta yi ta ɗaukar gadar hoto ta kowane gefe, ta ce ba ta taɓa ganin haɗin kai irin wannan ba. Duk yabon da ta yi, ni ji nake kamar ana zare mini siminti buhu-buhu. Na ja ta gefe na rantse mata cewa wannan abu ba zai kai kaka ba. Ta ce ta fahimta, tana dariya.

Wasiƙar gidauniyar ta zo da yabo mai yawa. Wai mu al'umma ce mai dogaro da kai, abin koyi. Tallafin kuwa aka ba wani gari ta wajen Bakura, inda na ji an bar Hajiya ta tsunduma har ƙugu. Allah ya ba su lada, sun fi mu hankali.

Ban karaya ba. Na ce bari gadar ta karye in ɗauki hoto in sake nema. Cikin watan takwas ruwa ya zabge mata gefe guda. Na ruga shago in karɓo wayata daga caji, kafin in dawo taubashina ya tara samari sun toshe wurin. Na ce masa don Allah su bar mini ita ko na wuni ɗaya. Ya ce tattasansa na kan mota, in jira wata shekara.

Shekarun nan duk haka muke yi. Da an ga hadarin farko sai a buga gayya, a ƙara dutse, a sauya azarar da ta gaji. Kwalbatin kamfani dai ban gan shi ba, kuma na daina sa rai. Amma ranar Talata motar kaya tana shigowa har ƙofar fada, buhunana ma a ciki suke tafiya. Bana ni ma na ɗauki dutse tare da su, sai dai ban yi wa kowa fara'a ba.