Kaset Mai Jan Farce

Duk wanda ya girma a Matameye, ya kuma taɓa shan bulala saboda makara zuwa lakwal, wato makarantar boko, da wuya a ce babu hannun Sallau Mai Gem a ciki. Shagonsa yana bayan tasha, daura da inda masu rake suke jingine kayansu. Ɗaki ne guda mai ƙofar langa-langa, da benci biyu, da tele mai ƙatuwar ƙeya, sai baƙar na'urar wasa wadda ake cusa wa kaset ta sama. Shagon ma ba nasa ba ne. Na yayansa ne, Alhaji Abdulƙarim mai hatsi, wanda ya ba shi aro tun Sallau yana saurayi, da tunanin in ya gaji da shiriritar zai dawo kan buhuna. Sallau bai gaji ba har furfura ta fito masa.

Noma yana yi ne don kada a ce bai yi ba. Amma a harkar kaset, kowa ya sallama masa. Kaset ɗin wancan zamani akwai taurin kai; ka sa shi, tele ta nuna maka zane-zanen banza ta yi shiru. Yara su ciro, su hura, su mayar, a banza. Sai Sallau ya miƙa hannu ya karɓa, ya karkata kaset ɗin, ya hura masa iska daga wannan gefe zuwa wancan, ya goga bakinsa a gefen riga, ya danna shi da tafin hannu. Nan take kiɗa ya tashi, ɗaki ya ɗauki ihu. Har rantsuwa yaran suke yi cewa akwai wani abu a numfashinsa, shi kuwa bai taɓa ƙaryata su ba.

Takardun jikin kaset ɗin sun daɗe da gogewa, don haka da alama ake gane su. Akwai Ɗan Dambe, akwai Mai Babur, akwai kuma na ƙwallo wanda matarsa Mas'uda ta ɗiga wa jan farce tun tana amarya don kada ya ɓace cikin sauran. Shi ake kira Mai Jan Farce. A kansa aka yi faɗa, a kansa aka ƙulla abota, kuma dokarsa ɗaya ce: wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa manet, wato abin sarrafa wasan, ga na bayansa.

Sana'ar tana da tata ƙa'idar, Sallau kuma ya riƙe ta kamar karatu. Yaro ba ya son abin da ya saba. In kaset ya kwana biyu aka fara hamma a kansa, sai a ƙulle shi a leda a ba direban Kano, a yi musaya, tsofaffi su tafi sabo ya zo. Haka ya yi shekara da shekaru, kuma bai taɓa yin asara ba. 'Yan kaɗan ne suka tsira daga musayar, su Mai Jan Farce, saboda ba su taɓa rasa mai nema ba. Daga baya musayar ta tsaya da kanta, aka ce masa masu yin kaset sun daina.

Sauran labarin ba sai an faɗa da yawa ba. Aka buɗe gidajen kallon ƙwallo, sannan salula ta shiga kowane aljihu. Yaran yanzu in sun leƙo shagon, kallon tele suke yi suna dariya, su ce mutanen cikinta kamar an gina su da bulo. Wata rana Sallau zai buɗe da hantsi, ya share, ya yayyafa ruwa, ya kunna na'ura, ya zauna har la'asar babu wanda ya yi masa sallama sai mai neman hanyar bayi. Kiɗan wasan ya yi ta maimaita kansa a ɗakin da babu kowa. Abin da ake ci a gidansa kuwa, rabinsa daga ƙosan Mas'uda yake fitowa, kuma ya sani.

Ana saura 'yan makonni Babbar Salla, Alhaji Abdulƙarim ya zo da kansa. Bai zauna ba, a bakin ƙofa ya tsaya yana duban benci.

"Sallau, akwai mai son shagon nan. Cajin waya zai riƙa yi da tura kuɗi. Na daɗe ina ce masa ya dakata."

"Yaya, kasuwa ce, yau ta yi gobe ta ƙi."

"Wace goben? Ni ba korarka nake yi ba, Allah ya sani. Amma ɗaki a bakin tasha ba wurin ajiye tarihi ba ne. In Salla ta wuce ban ga mutane a kan bencin nan ba, ka kawo mini makulli, ka zo rumfa mu auna hatsi tare."

Sallau ya ce to. Me zai ce? Amma maganar ta tsaya masa a rai, don shi ba awon hatsin yake ƙi ba. Abin da yake tsoro shi ne ya zama ƙanen Alhaji kawai, mutumin da ake aika ya ɗauko tiya, bayan garin nan duka ya san shi da sunan kansa.

Cikin wannan hali Ummaru direba ya shigo. Ummaru yana cikin yaran da suka goge bencin nan da wandonsu, yanzu ga shi da tumbi da iyali, yana jan mota tsakanin Matameye da Kano ta Ɗan Barto. Ya zaro salula yana murmushi.

"Baba Sallau, ka san an dawo da yin kaset? Sabo fil, na irin na'urarka. Wai wasu ne can ƙasashen waje suka ce ba za su bar ta ta mutu ba. Na gani da idona a wani shago a Kano."

Ya nuna masa. Wani ɗan mutum ne da takobi yana gudu cikin daji, launi tar, ga ruwa yana zuba kamar gaske. Sallau ya sa ya maimaita masa har sau nawa. Ashe ba a manta da su ba.

"Tsada gare shi fa," in ji Ummaru. "Amma mai shagon ya ce in kana da tsofaffi yana karɓa."

Kalmar da Sallau yake jira ke nan. Musaya! Abin da ya sani tun Ummaru yana yawo ba takalmi. Bai tsaya ya tambayi kansa ba me mutumin Kano zai yi da kaset ɗin da takardarsu ta goge, a zamanin da yara ba sa kallonsu. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma Sallau ba wawa ba ne, amma turken ya riƙe shi.

Mas'uda ce kaɗai ta ja masa birki. Tana tsame ƙosai ta ce, "Malam, wa zai buga shi? Yaran da ke da dubunsa a waya?"

"Ba ki san harkar ba. Sabo shi ke jawo mutane."

"To ka ba da wasu ka bar wasu."

"Da tsadarsa, sai na haɗa duka za su isa."

"Har da nawa mai jan farcen?"

Ya ce ai kaset kaset ne. Ta juya ga kaskonta. Washegari ya jera su cikin kwalin sabulu, ya naɗe da leda, ya ɗaure da igiya tamau, ya miƙa wa Ummaru a tasha. Ummaru bai buɗe ba, ya ɗauka 'yan rarar da ba a so ne.

Sabon kaset ya iso ana jibi Salla, cikin kwali mai sheƙi har da ɗan littafi. Sallau ya ciro shi, ya kai baki zai hura, ya ga babu ko ƙwayar ƙura. Ya danna shi. Tun kafin ya ɗauke hannu kiɗa ya tashi. Gaskiya wasan ya yi kyau, ba a taɓa ganin irinsa a wannan telen ba. Ummaru ya ɗauki hoton Sallau riƙe da manet, ya tura wa 'yan garin da ke zaune a Damagaram da Yamai da Agadas, ya rubuta cewa shagon Baba Sallau yana nan da ransa, a haɗu washegarin Salla.

Suka kuwa zo. Ba yara ba, magidanta. Da Marwan wanda yake aikin jinya a Damagaram, da Cha'ibu mai gyaran babur, da wasu da Sallau sai da suka faɗi sunan iyayensu ya gane su. Shadda tana ƙara, turare ya cika ɗakin, benci bai ishe su ba har wasu suka tsaya a waje. Masu rake suka miƙe suna leƙe. Can tsallaken hanya Alhaji Abdulƙarim ya tsaya da carbi yana kallo. Sallau ya ji ƙwalla ta taru masa don daɗi, ya yi kamar yana gyara waya a bayan tele.

Ya sa musu sabon. Aka yi ta yabo, kowa ya karɓa ya ɗan taɓa. Sai dai wasan na mutum ɗaya ne, babu wanda ya ci balle wani ya tashi, kuma yatsunsu ba su san hanyar dajin ba. Ba a jima ba hira ta koma kan farashin raguna. Marwan ya ajiye manet ya tafa hannu.

"To, Baba Sallau, mun ga baƙo. Yanzu a fito mana da ɗan gida. Ina Mai Jan Farce? Cha'ibu ya ci ni ranar da zan bar garin nan, har yau ban rama ba."

Ɗaki ya kaure. "A hura! A hura!" Wasu har sun ɗaga salula za su ɗauki lokacin da zai hura kaset. Cha'ibu ya naɗe hannun riga ya gyara zama.

Sallau ya tsaya da hannu a kan tele. Ya dubi Ummaru, Ummaru ya dube shi, sai fuskar Ummaru ta canza.

"Baba, kwalin nan da ka ba ni... duka ne?"

"Duka ne."

Babu wanda ya yi masa faɗa, kuma da sun yi da ya fi masa sauƙi. Marwan ya ce ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri. Wani ya ce tsohuwar zuma ai da ita ake magani, na kusa da shi ya taɓa shi ya yi shiru. Suka ɗan ƙara zama don kunya. Daga nan wannan ya tuna bai gai da surukai ba, wancan ya ce ana jiransa rabon nama. Kowa in zai fita sai ya damƙa masa barka da Salla a hannu, irin yadda ake yi wa dattijon da aka zo dubawa. Kafin azahar benci ya koma yadda yake, ɗan mai takobi yana tsaye a bakin daji yana jiran wanda zai motsa shi. Da Sallau ya leƙa tsallaken hanya, Alhaji ya tafi.

Ummaru bai haƙura ba. A tafiyarsa ta gaba ya je shagon na Kano da niyyar karɓo ko da Mai Jan Farce kaɗai. Mai shagon ya ce ai irin waɗannan ba sa kwana, akwai masu tara su a ƙasashen waje, tuni ya aika. Ya ma tambaya ko akwai saura.

Sallau bai jira an aiko ba. Ranar kasuwa ya kai makulli rumfar hatsi, ya ajiye a gaban yayansa. Alhaji ya ce, "Ka yi haƙuri." Ya ce, "Ba komai, Yaya." Aka ɗora tele da na'ura a kan amalanke aka kai gida.

Yanzu in ka je rumfar Alhaji Abdulƙarim za ka gan shi a kan buhu, da tiya a hannu, yana awo ba ya ƙwange. Masu saye daga Dawce da Tsauni ƙanen Alhaji suke ce masa, ba su san yana da wani suna ba. Telen tana ɗakin Mas'uda an rufe ta da zane.

Wata ranar da ba kasuwa, Mas'uda ta shigo ɗaukar gishiri ta same shi zaune a bakin gado, ya yaye zanen, sabon kaset yana hannunsa. Bai kunna komai ba. Ya karkata shi, ya hura masa iska a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ya goga a gefen riga.

"Malam, ai wannan ba ya bukata," ta ce.

"Na sani," ya ce, ya sake kai shi baki.