Baffa Dokta da Warin Tafarnuwa

Shekara tara ke nan, in lissafina bai kuskure ba, da rasuwar Baffa Dokta Isiyaku, ƙanin mahaifina, malamin kimiyyar sinadarai a nan Dutse. Na daɗe ina jinkirin wannan rubutu don gudun kada in faɗi abin da ba haka ba, ga shi mai gyara mini ba ya nan.

Aikinsa, gwargwadon fahimtata, shi ne ya haɗa garin bismut mai ruwan ɗorawa da farin garin teluriyom, kowanne haɗe da iskar oksijin, ya zuba a tanderu, ya ga yadda za su kasance in zafi ya kai maƙura. Yakan ce ƙwayoyin cikinsu a sahu suke kamar masallata, in wuta ta yi wuta sai su sake sahu. Ka fito da su ka sanyaya da gaggawa, sai su daskare a sahun zafi. Ka bar su su huce a hankali, sau da yawa sukan koma yadda suke. Shi bai cika cewa "sau da yawa" ba, ni na ƙara.

Abin da bai gaya wa dangi ba shi ne, teluriyom in ya shiga jiki, ko kaɗan ne, mutum kan yi makonni numfashinsa na warin tafarnuwa. Inna Rabi, matarsa, ta sha zargi a kan miyar da ba ta yi laifi ba.

A haka aka sa ranar zuwa Ringim nema mini auren Hauwa, kuma Baffa ne zai yi magana. Waliyyinta Malam Habu, yayan mahaifinta, mai makarantar allo ne, an san ko mai cin ɗanyar albasa ba ya zama kusa da buzunsa. Ni da na san sirrin warin, na roƙi Baffa ya ƙaurace wa tanderun kafin ranar. Ya ce wutar lantarki ta zauna a makon, kuma ba kullum ake kwana a gado ba. Na kai masa kanumfari da asuwaki da turare, ya karɓa ya yi godiya, ya ba Inna ta ajiye.

Waɗanda suka raka shi sun ce ana gama gaisawa Malam ya ja buzunsa baya, ya sa aka kawo turaren wuta, ya ce a je za su yi shawara. Daga baya saƙo ya iso cewa gidan da ke turo dattijo ya ci tafarnuwa zuwa neman aure bai san darajar mutane ba.

Na je wa Baffa kamar zan yi kuka, na ce mu koma yau mu ba da haƙuri. Ya dube ni ya ce, "Kai Nasiru, mutum yana kan wuta za ka tsoma shi a ruwa? Sai ya daskare a fushinsa. Bar shi ya huce da kansa."

Makonnin nan ban ji daɗin abinci ba. Da lokacin da shi ya ga ya dace ya yi, Baffa ya koma shi kaɗai, da warinsa, da 'yan dunƙule biyu daga tanderu, ɗaya an sanyaya da gaggawa, ɗaya a hankali. Ya yi bayani tun daga farko. Malam ya jujjuya su a tafin hannu ya ce, "Ashe warin neman ilimi ne. Na ba ku, Dokta. Amma ɗan matsa can bakin ƙofa."

Ranar ɗaurin aure ma sai da aka duba inda iska ke kaɗawa kafin a shimfiɗa masa tabarma.

Yau na ji ɗalibai na cewa na'ura kan yi hasashen sahun ƙwayoyin nan tun ba a hura wuta ba. Ina zaton Baffa zai yi murna, sannan ya tambaye su wa ya taɓa ƙona yatsa a cikinsu. Yadda kuma muke mayar wa juna martani a waya tun rai yana tafasa, wannan kam na san abin da zai ce. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, shi kuwa da gaske ya dafa.

Ko bincikensa ya amfani masana, ba ni da hurumin cewa, don rabin takardunsa ban gane su ba. Na dai san ta sanadinsa nake da iyali da 'ya'ya uku, kuma in raina ya ɓaci Hauwa takan ce a bar ni in huce a hankali. Duk ranar da ta jefa tafarnuwa a mai, bakina kan riga ni cewa Allah ya jiƙan Baffa. Ƙaramarmu har ta haddace, ta ɗauka ita ce addu'ar soya tafarnuwa. Ban gyara mata ba tukuna.