Cizon Kare a Rumfar Yayana

Lokacin da nake saurayi Turawa ba su iso ba tukuna. Hukunci daga Katsina yake zuwa mana, ita kuma Katsina tana bin Sakkwato. Mu mahauta ne a Batsari. Bayan rasuwar babanmu, ni da yayana muka riƙe rumfarsa, shi da yanka, ni da fiɗa.

Wata ranar kasuwa da bazara wani kare ya faɗo rumfarmu, yawu na dalala, ko kallon nama bai yi ba. Yaya ya miƙa hannu zai kore shi, sai karen ya cafke shi a tsintsiyar hannu. Jama'a suka bi karen suka kashe. Innarmu ta wanke ciwon ta barbaɗa magani. Kafin mako biyu ya warke, muka manta.

Sai da ruwa ya sauka, muna noman farko, abin ya taso. Ya fara cewa tabon na yi masa ƙaiƙayi. Daga nan zama ya gagare shi. Ya zauna ya miƙe, ya fita zaure ya dawo, ya ce a buɗe ƙofa alhali a buɗe take. Matarsa ta kawo ruwa a ƙwarya. Kowa ya ga ƙishi yake ji, amma ruwan na kusantar bakinsa sai maƙogwaro ya shaƙe, ya ture ƙwaryar yana haki.

Aka ce iskoki ne. Na ɗora shi kan jaki zuwa wajen wani malami a Runka. A hanya sai ya diro ya yi gaba da sauri, in bi shi in dawo da shi. Malam ya yi rubutu ya wanke, amma ta ina za a sha? Sai shafa masa aka yi a ka.

Muna komowa ta ƙauyen Babban Duhu, wata tsohuwar Bafillatana mai tallan nono ta tsaya tana dubansa.

"Ɗana, kare ya taɓa cizonsa?"

Na ce, "Ya taɓa, inna, amma tun bazara."

Ta gyara ƙwaryar da ke kanta. "Na ga irinsa a saniyarmu. Kai shi gida, ka daina wahalar da shi a hanya."

Da muka isa, 'yarsa mai shekara uku ta rugo za ta rungume shi. Ya ja da baya ya kira ni.

"Ƙanena, ɗauko igiyar shanu ka ɗaure ni a ɗaki."

"Haba Yaya, ba zan iya ba."

"Za ka iya. Hankalina zuwa yake yana tafiya. Yi yanzu da yake nan, kada in taɓa yarinyar nan."

Na ɗaure shi, shi yana nuna mini inda zan ƙara tamkewa. Kwana uku ina tsakanin bakin ƙofarsa da tsakar gida, na kasa zama, na kasa tafiya gona. A rana ta huɗu bayan azahar Allah ya karɓi abinsa.

Yarinyar a hannuna ta girma, ni na kai ta ɗakin miji a Safana. Ta sha tambayata yadda ubanta ya rasu. Ina ce mata zazzaɓi ne.