Neman Hocen Inna Daga Mafara Har Maradun

Da asuba na goya ɗiyata na fito, maigidan na biye da ni da fitila har tasha. Masaukinmu yana bakin titin Talata Mafara, direbobi da leburorin dam ke kwana ciki. Ba tabarminmu ke kawo su ba, hocen dawa na mahaifiyata ne. Tun da Inna ta rasu ni ke gasawa, amma ba ya tashi, ba ya ƙamshi. Wani direba mai tsiya, Ɗan Jabo, ya taɓa ƙwanƙwasa ɗaya da cokali yac ce, "Amarya, wannan ajiye mini, in motata ta tsaya a gangare in sa ma taya." Baƙi sunka fara komawa wani gida. Shi ne na ce bari in je ga 'yan'uwan Inna in tambaya.

Bakura

A-kori-kura munka shiga, mu da buhunan albasa. Duk ramin da munka faɗa sai in kai hannu baya in ji ko yarinya na numfashi. A hanya na ga abin da nake ji a bakin baƙi: rafi na siminti miƙe sak kamar zare, da motoci masu haƙora suna cin gona. A shingen 'yan sanda anka leƙa ƙwaryar da na ɗauko, ɗayansu yac ce, "Wofi? To mi za a ba mu?"

Inna Kulu, ƙanwar Inna, ta rungume ni, munka yi kuka munka gaji, sannan ta zubo tuwon shinkafa da miyar sure da busasshen kifi. Tac ce kifin ma sayo shi anka yi, tun da anka tare gulbi fadama ba ta cika. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta yi dariya. "Ni? Uwarmu ta kore ni daga bakin tanderu tun ina yarinya, wai hannuna na da sanyi. Tahi Maradun wurin Yaya Tumba."

Maradun

Washegari sai da mota ta koma ta Mafara. Munka wuce ƙofar gidanmu, na hango tsakar masauki fayau, na rufe fuska da gyale.

Inna Tumba na zaune sabuwar unguwar da anka ba waɗanda ruwa ya ci garinsu. Ta kai ni bakin dam ta nuna da sanda. "Can ƙarƙashi anka haifi uwarki." Ban taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba. Na ƙara tamke goyo.

Da yamma tac ce in kwaɓa ta gani. Na surfa dawa, na daka, na kwaɓa, tana kallon hannuna.

"Hannunki nata ne," in ji ta. "Cikin mi kike kwantar da ƙullin?"

"Tukunyar Inna."

"Tana nan yadda ta bar ta?"

"Tsaf. Ranar sadakar bakwai da anka wanke kayanta, ni da kaina na kankare ta da toka. Wani baƙin ɓawo ne ya kama gindinta."

Tsohuwa ta dafe kai. "Wayyo ɗiyar nan! Ai ba dauɗa ba ce. Guntun jiya shi ka tada na yau. Ba a wanke ta, ko an yi mutuwa."

Na ji kunya, amma mamaki ya fi yawa. Ta jawo tata tukunya daga bayan gado ta buɗe, tsamin ya bugi hancina, sai na ji kamar ina ɗakin Inna. Tac ce ita da Inna, ranar da anka kai kowaccensu ɗakin miji, uwarsu ta ɗebar mata tsamin daga tukunya guda. Ranar da ruwa ya tashe su ma, tukunyar ta fara ɗauka kafin tabarma. Da safe munka gasa, na ci da ƙuli da mai har na rasa wurin numfashi.

Komawa

Inna Tumba ta zuba mini tsamin ƙullin a ƙaramin ƙoƙo ta ɗaure da tsumma. "Kar rana ta buge shi." Na zo gida da goyo biyu, ɗaya baya ɗaya cinya. Kwandasta yac ce in miƙo a sa bisa kaya, na ce ya fara sa uwarsa.

La'asar na iso. Na kwaɓa, na zuba, na rufe. Da safe ƙullin ya taso har bakin tukunya yana huda ƙananan idanu. Baƙi uku kawai sunka kwana, cikinsu har da wani tsohon lebura da ya san Inna. Ya gutsura, ya tauna, ya ƙara gutsura. Can yac ce, "Allah shi jiƙan tsohuwa. Akwai saura? Zan kai ma mutanenmu wurin aiki."

Na gode Allah da ya kai ni ya maido ni da ɗiyata lafiya, na gode ma iyayena biyu, Inna Kulu da Inna Tumba. Tukunyar kuwa na faɗa ma kowa a gidan, har maigidan, kar wanda ya kusance ta da ruwa.