Hoton Kan Wanzami

Shekarar da sojoji suka ce za su mai da mulki hannun farar hula, hannun mahaifina na dama ya fara rawa. Wanzami ne, shekara da shekaru yana aski a gindin wani itacen bedi a kasuwar Cadawa. Ni kuwa ina koyarwa a lakol, makarantar boko, shi ya sa nake ganin na fi kowa sani. Na matsa masa lamba muka tafi asibiti a Yamai.

Likitan ya ce za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Baba ya dube ni.

"Hannu ka rawa, kai za a ɗauka? Wanga likita ya yi karatu kuwa?"

Sai da aka yi daga kafin ya cire layunsa ya shiga injin ɗaukar hoton. Bayan nan likitan ya nuna mana wani wuri can tsakiyar hoton, ya ce daga nan saƙo ke tashi zuwa hannu, kuma wurin ya fara gajiya. Magani zai rage rawar, amma ba zai kore ta ba. Ni na ji wannan. Baba kuwa abin da ya ji kawai shi ne ba hauka ba ce.

Lokacin ko'ina ka duba hotunan 'yan takara ne. Ran kasuwa Baba ya buga ƙusa ya rataye nasa a jikin bedin.

"Su huska suka nuna muku," in ji shi. "Ni ga cikin kaina, ku duba in da ƙarya."

An taru, an sha dariya, har wani ya ce shi zai zaɓa. Amma a wajenmu, wanda aka kai birni aka leƙa cikin kansa, an gama magana, ya taɓu ke nan. Mutanen da suka jure rawar hannunsa wata da watanni suka koma wurin wani wanzami. Haushin kaina ya kama ni, don ni na jawo.

Kasuwa ta uku ba wanda ya zauna. Na cire hula na durƙusa gabansa. Ya jiƙa mini kai, ya wasa aska, ya ɗora hannun hagu a ƙeyata. Ina jin ƙarfen yana kaɗawa kusa da kunnena. Ya daɗe a haka.

Sai ya ninke askar.

"Tashi, malam. Kanka guda ne."