Taswirar Farko

Ko zan manta komai na aikina a Tanout, ban da ranar da aka kusa raba ni da garin saboda ƙarancin ƙwaƙwalwar wata na'ura.

Ƙarshen shekarun tamanin ne. An kawo mana ordinatar, wato kwamfuta, guda ɗaya a biro, ofishinmu na kula da rijiyoyin makiyaya, mu biyu muke riƙe da ita, ni da wani taubashina da muka yi karatu tare. Tsarin da ke tafiyar da ita malamanmu ne suka rubuta, don haka muna iya buɗe cikinsa mu gyara. Sai dai shirin da zai riƙe mana lissafin rijiyoyin ya ƙi shiga, wuri a ƙwaƙwalwarta ya gaza da ɗan kaɗan. Shugabanmu ya ce in motar Yamai ta zo bai tashi ba, na'urar za ta koma, ni ma in bi ta. Ga shi an sa ranar aurena a Gangara! Gaskiya hankalina ya tashi.

Taubashin nan kuwa ba ya tausayi. Kullum sai ya ce, "Ango, in ka tahi ni zan riƙe maka amarya."

Haushinsa ya sa na zauna na bi tsarin layi-layi tun daga kunnawa. Ashe da an kunna ta, takan zana 'yar taswirar ƙwaƙwalwarta don ta san inda komai yake. In ta miƙe sai ta zana wata sabuwa fil, ta bar ta farkon tana cin wuri a banza.

Na ce, "Zo ka ga ɓarna. Mi zai hana ta ci gaba da ta farkon, ta ƙara abin da ya rage a kai?"

Ya leƙa ya ce, "In ta mutu, ba ruwana, wallahi."

Muka gyara, na kunna. Allon ya yi baƙi ƙirin har na fara salati. Can sai ga sunayen rijiyoyin yankin Tarka suna gangarowa. Na yi ihun da ya sa shugaba ya fito ba takalmi. Taubashina kuwa ya riga ni ce wa shugaban, wanda muke kira Mushe da Faransanci, "Mushe, dabarata ce!" Na bar masa, don murna ta hana ni faɗa.

Motar ta koma ba mu, aka ɗaura aure, yau har da jikoki. Tun ranar na koyi cewa kafin in yi kukan rashi, in fara duba abin da na yi amfani da shi sau ɗaya na jefar.