Hoton Kakanmu Marar Kai

"To ina kan nasa?" Abin da na fara tambaya ke nan da danginmu na tsallaken iyakar Benin suka miƙo mini hoton.

Tun ina yaro a Bagudo kakata, Inna Hure, take ba mu labarin hoton kakanta masunci, wanda wani Bature ya ɗauka a bakin kogin Kwara farkon zuwan Turawa. Ni da ban bar kowa a gidanmu ban ɗauke shi hoto ba, har awaki, na ce sai na ɗauko mata shi a waya kafin ya gama dushewa.

Ashe Baturen ba ta mutum yake ba, giwan ruwa ya gani. Kifin ya cika hoton, kakan namu kuwa daga wuya zuwa sama babu shi.

Na dawo gida na miƙa mata wayar. "Inna, sai haƙuri. Kifi ne kawai da hannuwa."

Ta kai wayar dab da idonta, sai ga dariya har da hawaye.

"Maigidana, ɗauka ka iya, ba ka iya kallo ba. Dubi ƙaramin yatsan ga da ya lanƙwashe. Da hannun ga yake ja min kunne in na taɓa mai taru. Miƙo naka."

Na miƙa. Nawa ma a lanƙwashe yake. Ta aza nata kusa da nawa, iri ɗaya.

Haka na ɗauke mu, hannuwa kawai, babu kai.

Ku ma ku duba hannuwanku. Wa kuka gani a ciki?